Kofi Huɗu a Rana

Likita ya ce kofi huɗu a rana, kada a ƙara. Ya ɗaga wani ɗan kofin gilas irin na shayi ya nuna mana, don kada wani ya je gida ya yi wa maganar fassarar da ta yi masa daɗi. Ruwa, kunu, shayi, romon miya, duk a cikin huɗun nan za su fito. Wanda aka yanke wa wannan hukunci kuwa mahaifinmu ne, masunci, mutumin da ya yi fiye da shekara arba'in yana kifa ƙirjinsa a kan gora yana bin kogin Gashua, in ƙishi ya kama shi sai dai ya sunkuyar da kai.

Ƙodarsa ce ta gaza, kamar yadda ta gaza wa mutane da dama a unguwarmu. Litinin da Alhamis ake kai shi Nguru wankin ƙoda. Tsakanin wanki da wanki, abin da ya sha yana nan zaune a jikinsa, kaɗan ne ke fita. In ya ɗan wuce ƙa'ida sai ƙafafu su kumbura. In ya wuce sosai ruwan ya hau ƙirji, numfashi ya gagara. Kafin a haɗa shi da injin sai an ɗora shi a sikeli, kuma sikelin nan ba a yi masa wayo.

Baba dai bai fasa gwadawa ba. Mutumin da a da alwalar azahar ke kai shi magariba, sai ga shi yana sabunta ta sau takwas a yini, kuma in ya zo kurkurar baki sai ka ga kowa ya zuba wa maƙogwaronsa ido. Ya taɓa yin rabin awa yana kafa mana hujja cewa kankana ba ruwa ba ce, tunda da wuƙa ake yanka ta. Ba ya fushi in an hana shi. Sai dai ya kalle ka irin kallon da zai sa ka ji kai ne ka kawo cutar.

Mu uku ne 'ya'yansa. Babbarmu mace ce, Yaya muke ce mata. Ita ta goye ni bayan rasuwar Innarmu, kuma da mijinta ya rasu sai ta dawo gida, ta ci gaba da riƙe Baba tana suyar kifi a tsakar gida yara na fita da shi. Mai bi mata namiji ne, yana koyarwa a wata makaranta a Nguru, kowa Malam yake ce masa, har Baba. Sai ni, auta, ina Kano ina aikin rubuta manhajojin waya da kwamfuta. Ina da saurin fushi da saurin yarda da kaina, kuma a wancan lokacin ban san na biyun ya fi na farkon illa ba.

Da na zo duba Baba a farkon ciwon, na tarar Yaya ta samo wata tsohuwar gorar lemo ta roba. Kullum da safe takan auna kofi huɗu ta zuba a ciki, daga nan ake ba shi har dare. Na ɗaga gorar da yatsa biyu na yi dariya. Na ce ruwan yana ɗumi kafin azahar, na ce likita ba zai iya duba gora ya san abin da aka sha makon jiya ba, na ce gida mai injiniya bai kamata ya dogara da robar lemo ba. Yaya ta ce to, injiniya ya kawo nasa.

Cikin yini biyu na kawo. Manhaja ce ƙarama: kowace rana tana da lamba guda. Ka ba Baba kofi, ka danna, wayar ta duba lambar ranar, ta ƙara ɗaya, ta aika wa wata kwamfuta da ke nesa wadda nake kira rumbu, daga rumbun kuma sauran wayoyinmu su gani. Na san halin sabis a wajenmu, don haka na tsara in babu shi waya ta riƙe lambarta, ta aika daga baya. Sai tambaya ɗaya ta rage: in lambobi biyu suka iso rumbu a kan rana ɗaya, wacce za a ɗauka? Na ce wadda aka danna daga ƙarshe. Ban yi minti guda a kan wannan shawara ba, ina cin gyaɗa na rubuta ta.

Abin ya yi kyau wata biyu. Yaya ta iya dannawa, likita ya duba ya yaba, aka jefa gorar a bayan ɗaki. Ni kuwa duk wanda ya zauna kusa da ni a ofis sai ya ji labarin.

Da bazara ta shigo, zafi ya tsananta, sai Malam ya fara zuwa Gashua kowace Juma'a da yamma, ya kwana uku, Litinin da sassafe ya wuce da Baba Nguru. Tsakanin Alhamis da Litinin nan ne tazara mafi tsawo, nan ne ake jin tsoro, shi ya sa ya ga ya kamata ya taya Yaya. Gidanmu kuwa irin na da ne. Da hantsi Baba yana zaure, tsofaffin abokan kamun kifinsa suna zuwa gaishe shi, Malam na gefensa. Lokacin abinci da hutawa yana cikin gida wajen Yaya. Yini guda zai yi wannan zirga-zirga sau biyar ko shida. In ya nemi ruwa a zaure, Malam ya duba wayarsa ya ga da saura, ya ba shi. In ya nema a cikin gida, Yaya ta duba tata. Ba wanda ya ƙara tambayar wani, tunda ga abin tambaya a hannu.

Abin da ban lissafa ba shi ne Yaya ba ta barin datarta a kunne. Wuta ba ta zama, data kuma na cinye caji, don haka sai bayan isha'i take kunnawa ta saurari saƙonnin 'yan uwa. Yini guda wayarta na ƙirga nata, ta Malam na ƙirga nasa. Malam ne kuma ke ba Baba kofin ƙarshe da maganin dare, saboda haka kullum shi ne mai dannawa daga ƙarshe. Da zarar Yaya ta kunna data, sai rumbu ya zubar da lambarta, ya ɗora mata ta Malam. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin abin da muka gani kawai shi ne sikeli.

Litinin ta farko nauyi ya ɗan hau, aka ce zafi ne, kowa na neman ruwa. Ta biyu ya ƙara hawa, nas ta yi faɗa. Ta uku Baba bai iya kwanciya ba, a zaune ya kai asuba yana haki, aka jera masa matasai a mota, Malam na riƙe da kansa har Nguru. Sai da ya kwana biyu a asibiti. Malam ya ce mini a hanya ya yi ta karanta masa kalmar shahada, don bai yi zaton za su isa ba.

Da hankali ya ɗan kwanta, Malam ya buɗe manhaja. Asabar uku, Lahadi uku. Shi kuwa ya tuna sarai cewa uku-uku ya bayar da hannunsa. Ya tambayi Baba, Baba ya ce shi abin da aka miƙo masa yake sha. Ya tambayi Yaya, ta ce ita ma ta ba shi, huɗu ranar Asabar, huɗu ranar Lahadi, kuma kowanne sai da ta danna. Aka buɗe wayarta a gabanta, ta nuna uku. Malam ya ce da ta danna ai da ya gani a tasa, da bai bayar ba. Maganarsa ta hau, kuma kowa ya san Yaya da taushin zuciya a kan Baba, ba ta iya jure wannan kallon nasa.

Suka kira ni suna tare, aka sa wayar a bayyane. Malam ya zayyana komai, ya tambaye ni ko zai yiwu mutum ya danna abin ya ƙi shiga. Na buɗe tawa, na danna, lamba ta hau. Na ce lafiyarta ƙalau.

«Auta, wallahi na danna,» in ji Yaya.

«Yaya, abin nan ba ya mantuwa,» na ce. «Mutum ne ke mantuwa.»

Ta ce to. Matar da ta goye ni ke nan na gaya wa haka, kuma ban ji komai ba, har ina ganin na yi magana mai ma'ana.

Malam ya yanke shawara Baba ya zauna a wajensa a Nguru, kusa da asibiti. Bai ce don Yaya ba ne, amma ba wanda bai gane ba. Ita ta haɗa masa kaya: buzunsa, carbi, rediyo, matasan nan uku, da 'yar wuƙar da yake gyaran komar kamun kifi da ita ko da yake ya daina sana'ar. Ta ba direba, ba ta biyo motar ba.

A Nguru hannu ɗaya ne ke dannawa, don haka lissafi ya daidaita. Mako shida sikeli bai kawo ƙara ba. Muka ɗauki wannan a matsayin shaida, ni har na ce wa Malam ka gani ko. Baba kuwa yana wani ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabci. Ana kula da shi sosai, matar Malam ba ta gajiya, maƙwabta Barebari na leƙowa su gaishe shi da wushe-wushensu, amma ba wanda ya san shi a kan ruwa. Ya daina gardamar kankana. In na kira shi, tambayarsa ɗaya ce, ko na ji inda kogi ya tsaya bana. Yaya ta zo sau ɗaya tak. An ce ta zauna a bakin ƙofa, da ya nemi ruwa sai ta tashi ta kira matar Malam.

Na sami hutun kwana huɗu na tafi Nguru. Washegarin zuwana Malam yana makaranta, ni ke zaune da Baba. Bayan azahar ya nemi ruwa. Na duba wayata na ga biyu, na ba shi, na danna ta koma uku. Ban lura ba cewa layin da nake amfani da shi ba ya kamawa a cikin ɗakin. Da la'asar Malam ya dawo, bai ko cire takalmi ba Baba ya ce masa maƙoshinsa ya bushe. Ya duba wayarsa, ya zuba, ya miƙa, ya danna. Na ce to, huɗu ta cika ke nan, sai a yi dabarar maganin dare. Malam ya ce uku dai. Na ce huɗu. Ya nuna mini fuskar wayarsa, uku. Na fita ƙofar gida inda sabis ke kamawa, na tsaya ina kallon tawa tana juyawa, ta gama, ta nuna uku. Kofin da na bayar da hannuna, na danna da yatsana, babu shi ko'ina.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye a rana ba. Wannan kuskure ba baƙo ba ne a sana'armu. Hannu biyu su ɗauki lamba ɗaya a lokaci guda, kowa ya ƙara nasa, na ƙarshe ya shafe na farko. Ana koya wa mutum shi tun yana sabon shiga, ni kaina na sha yi wa na ƙasa da ni tsiya a kansa. Da a aikin wani na gan shi, da kallo ɗaya zan kama. Da yake nawa ne, sai na gwammace in ce yayata ce ke mantuwa.

Na koma ɗaki na gaya wa Malam, ban rage komai ba. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Baba yana kishingiɗe yana kallon silin kamar ba da shi ake ba. Malam ya tambaye shi a hankali ko bai lura yau an ba shi biyu a jere ba. Ya ce shi ba a ce ya ƙirga ba. Muka yi 'yar dariya, amma shi bai yi ba. Can sai ya ce, ba tare da ya kalle mu ba:

«Tana dannawa. Ina kallonta. Sai ta goge hannu a zani tukuna, don kada mai ya ɓata wayar.»

Malam ya ce to me ya hana shi faɗa ranar da ake tambaya.

«Da na ce ta danna, sai ku tambaye ni me ya sa na karɓi na zaure.»

Ya ce da farko ƙishi ne ya rufe masa baki, ya ga ƙofa a buɗe ya shiga. Daga baya kuma kunya. Ya ce kullum yana niyyar faɗa, kullum maganar na ƙara nauyi. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar, kuma tausayinsa ya hana ni jin haushinsa. Tsoho ne mai ƙishi, ni ne na bar ƙofar.

Da yamma na zauna gyara. Abin da ya fara zo mini shi ne kulle: kada waya ta yarda a danna sai ta nemi izini daga rumbu, in wani na ciki ɗayan ya jira. Na fara rubutawa sai na hango Baba zaune da busasshen baki, Yaya na yawo a tsakar gida tana ɗaga waya sama tana neman sabis kafin ta ba shi ruwa. Na goge. Na kira shugabar sashenmu, wata Hajiya mai ƙarancin magana wadda na sha yi wa gardama, na ba ta labarin duka. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan zafi. Ta ce in daina tunanin wa ya riga wa, wa zai jira wa. In duba abin da hannayen ke taɓawa tare, in tambayi kaina ko dole ne a riƙa canza shi.

Abin da suke taɓawa lambar ranar ce, kuma ba dole ba ne ta wanzu. Na cire ta gaba ɗaya. Na mayar da kowane kofi layi mai zaman kansa: wa ya bayar, ƙarfe nawa, ruwa ne ko kunu, da adadinsa. Layin da aka rubuta ba a gogewa, ba a canzawa, in an yi kuskure sai a rubuta wani a ƙarƙashinsa a ce na sama kuskure ne. In wayoyi biyu suka haɗu da rumbu, kowace ta zuba nata layukan, ba wanda ke hawa kan wani, kamar mata biyu su juye gero a buhu ɗaya. Jimla kuwa ƙirga ta ake yi daga layukan duk lokacin da aka buƙata. Na ƙara wani ɗan fili a gefe, ko mutum zai so rubuta bayani.

Na sake kiran Hajiya ina jin daɗin kaina. Ta ce wannan ya tsare tarihi, amma bai tsare tsohon ba. Wayoyi biyu marasa sabis har yanzu kowace za ta ɗauka da saura, sai dare a gano an wuce. Ta ce rabon ranar sai ya kasance a wuri guda, wurin da ba zai yiwu ya kasance a hannu biyu lokaci ɗaya ba, duk mai bayarwa daga nan zai ɗiba. Ta tambaye ni ko muna da irin wannan wurin. Sai gorar Yaya ta faɗo mini a rai. Muna da shi, yana bayan ɗaki a Gashua inda na sa aka jefa shi.

Washegari da safe ni da Malam muka hau mota. Fadama ta bushe sai 'yan wuraren da injin ban ruwa ke aiki, shanu na tsallaka titi a hankali. Mun tarar da Yaya a gaban kasko tana juya karfasa. Ta rame. Ta amsa gaisuwarmu ba ta ɗago ba. Malam, babban mutum mai gemu da furfura, ya durƙusa a ƙasa kusa da murhu, ni ma na durƙusa. Na fito da wayoyi biyu zan nuna mata yadda abin ya faru, ta ce in mayar da su aljihu. Ta tambaya ko yana cin abinci. Malam ya ce yana taɓawa. Sannan na gaya mata da baki: ta danna, kowane kofi ta danna, aikina ne ya cinye su, kuma Baba ya shaida.

Ta kwashe kifin da ke cikin mai tsaf, ta jera a kwando, ta janye itace. Sai da ta gama sannan ta yi magana.

«Mako shida ina zaton kaina ne ya fara taɓuwa. Ina tuna yatsana a kan abin, amma ku biyu masu ilimi kun ce ban yi ba. Sai na yarda. Kullum sai na roƙi Allah gafara a kan na kusa kashe ubana.»

Na ce ta yafe mini. Ta ce in bar wannan tukuna, ba yau ba. Ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ma ta ɗauki muciya ta buga mini da na fi samun sauƙi. Ta miƙe ta zaga bayan ɗaki, ta dawo da gorar, rana ta cinye ta har ta lanƙwashe. Ta ce wannan ta mutu, in je kasuwa in sayo fulas mai riƙe sanyi, tunda na ce ruwan na ɗumi. Na ce kunu da shayi fa, yaya za a yi da lissafinsu? Ta dube ni kamar ina shekara biyar. Ta ce tun can in za ta ba shi kunu, sai ta fara zuba kofi guda daga gorar ta juye a buta. Ban tambaya ba ne kawai.

Ranar Alhamis bayan wanki aka wuce da Baba gida. Da motar ta hau gada ya ce a rage gudu, ya leƙa ya ce ruwan ya ja baya fiye da bara. Yaya na tsaye a ƙofar zaure. Ya kama hannunta zai yi magana, ta ce ya shiga daga ciki rana na dukansa. Abin da suka ce wa juna bayan nan ban ji ba, mun tsaya a waje muna sauke kaya a hankali da gangan.

Daga ranar fulas ɗin ke bin Baba. Yaya ta ɗaura masa igiya, shi da kansa yake rataya shi in zai fita zaure, ya dawo da shi in zai shiga ciki. Duk mai ba shi ruwa daga nan yake zubawa, in ya ƙare ya ƙare. Baba ya ce an mayar da shi mai gadin gidan yarin da aka tsare shi. Manhaja kuma ta koma aikin da ya dace da ita, wato riƙe abin da ya faru don likita. Yaya ta ƙi taɓa ta kusan wata guda, sai da ta ga layin farko da aka rubuta da sunanta ya kwana ya tashi yana nan. Daga nan ta gano filin bayani, ta mai da shi dandali. Ina Kano sai in ga: ya roƙi ƙari, na hana, ya ce ba ni da imani. Ko kuma: alwala ta tara yau. Malam ya riƙa ba ta amsa a nasa layin. Wata rana ta rubuta cewa autan gida bai kira ba kwana uku, ko shi ma mantuwa yake yi. Da na karanta na san an yafe mini.

Baba ya ga damina a gidansa, ya ga kogi ya cika, aka kai shi baki a kan babur ya zauna yana gyara wa matasa yadda suke jefa koma. Ya ƙara ganin wata daminar. Bayan nan jiki ya fara ƙin wankin, kowane zuwa Nguru sai ya dawo ya fi na baya galabaita. Wata Litinin likita ya kira Malam gefe ya ce kada a ƙara wahalar da shi da hanya, a kai shi gida, abin da ransa ke so a ba shi. Malam ya kira ni ranar Laraba ya ce in taho.

Na fito daga Kano da asuba ranar Alhamis. A hanya sabis ya yi ta ɗaukewa, sai da muka shiga tashar Nguru, ina neman motar Gashua, wayar ta kama. Layi ɗaya ne ya shigo na ranar, daga Yaya, da hantsi. A wajen irin abin sha ta sa ruwan randa. A wajen adadi ta sa ɗaya, don manhajar ba ta karɓar layi sai da lamba. A filin bayani ta rubuta: «Da babban kofin silba. Na cika masa sau biyu. Ya ce ya ƙoshi.»

Na tsaya a tsakiyar tasha ina karantawa, masu lodi na ture ni. Ban gama karantawa karo na uku ba kiran Malam ya shigo, na bar shi ya ɗan yi ƙara kafin na ɗauka.